Gwaggo Ta Ɗauka Kai Ne Gwani

Ya Garikai, sanyin idona, ruwan farkon damina a kan busasshiyar gona, inuwata da tsakar rana, jarumin da duk garin Kadoma babu mai cika baki kamarsa!

Ina gaishe ka a duk ramin da ka shige tun yammacin Laraba.

Ka tuna abin da ka ce mini a bakin famfo, kana murza yatsuna? "Chenai, ki kawo Gwaggo Sekai filin wasan kurket. Zan ɗaga ƙwallo ta haye rufin coci, Gwaggo ta koma ƙauye ta gaya wa Babanki irin surukin da zai samu." Ni kuwa so ya rufe mini ido, na yarda. Na lallaɓo tsohuwa da ciwon gwiwarta, na shimfiɗa mata zane a gindin bishiya, na saya mata gugguru.

Rana ta yi sanyi, 'yan kulob ɗin mahaƙar zinariya suka bazu a fili, kulob ɗin unguwarmu ya turo ka. Kai, wannan tafiya! Fararen kaya kamar balbela, ƙirji a gaba, kana wulwula katakon bugu kamar za ka rushe gari. Ka gyara hula, ka ɗago mana hannu. Sai Tichaona, wanda ka san ya daɗe yana nemana da aure, ya sheƙo da gudu ya jefo ƙwallon farko. Ka kai wa iska duka, ya masoyina, dukan da har yanzu ina tausaya mata! Ƙwallo ta wuce ta bugi turakun da aka sa ka tsare, suka watse a bayanka, aka fitar da kai ko maki ɗaya babu. Wani ɗan kallo ya ɗaga murya, "Garikai, tuwon sadza ka bari a kan wuta ne?"

Kada ka ɗauka wannan ne ya ƙona mini rai. Ƙwallo ta kunyata waɗanda suka fi ka. Abin da ya ƙona ni shi ne, da aka tashi na kai Gwaggo wurin zamanku, sai hularka muka tarar. Ka sulale ta ɓarakar shinge kamar akuyar da ta yi ɓarna a gonar mutane! Wa ya zo ya durƙusa gabanta yana tafa hannu, yana cewa "Gwaggo, an zo lafiya?" Tichaonan da na sha kora saboda kai.

To saurara, zumar raina, ka ji sa'ar da ba ka cancanta ba. Gwaggo ba ta san kurket ba. A hanyar gida ta ce mini, "'Yata, naki ɗin nan shi ne gwani. Sauran suna ta kai da kawowa suna zufa, shi ko bugu ɗaya ya gama aikinsa, fili ya ɗauki ihu. Amma daga wane gida ya fito da ba a koya masa gaisuwa ba?" Na haɗiye dariya da kuka tare, ban gyara mata ba.

Ranar Lahadi bayan coci za ta hau mota, kuma ka san Baba ba ya tsallake maganar yayarsa. Tichaona ya ce zai kawo mata sukari da ganyen shayi ranar Asabar da yamma. Kana tsammanin zai tashi bai bayyana mata dokokin wasan ba?

Wayyo, ya zan yi da zuciyar da ta ga duk wannan amma ta ƙi haƙura da kai? Da na ji taku a ƙofa sai in miƙe, abinci ya daina mini daɗi, duk saboda matsoraci! Ka zo Asabar da safe. Ka durƙusa, ka tafa, ka gaishe ta kamar ɗan mutane. Kada ka kawo uzurin duhu ko na alƙalin wasa. In ta yaba maka, ka sunkuyar da kai ka yi shiru. Wannan karon kunyarka za ta yi mana rana.

Taka, ko ka ci ko an cinye ka, muddin ina numfashi,
Chenai