Kwana Uku a Gidan Wanki

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya jikin Inna?

Lafiyarmu ƙalau. Na samu aikin ninke zannuwa a gidan wanki, mu shida, hira har da shewa. Kwana uku na yi, maigidana ya ce in na karɓi albashi hukumar ƙasar nan za ta yanke tallafin da take ba mu na kuɗin haya, kuma asarar ta fi albashin. Na bari.

Na koma na ce zan yi aikin kyauta. Shugabar ta yi dariya: "Amarya, so kike hukuma ta rufe min wurin? Doka ta hana aiki ba albashi."

A littafi, in miji ya fita, shafi ɗaya ya dawo. Nan sai rana ta faɗi.

Turo min littattafai masu kauri. Ki ce wa Inna na yi ƙiba.

Ƙanwarki.