Gaɓar da Muka Share Saboda Baƙi

Teluk Sunti, 6 ga Janairu

Zuwa ga jikata Suryani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, kuma masana'antar nan ba ta ƙarasa shanye miki ido ba. Yaya saurayin naki mai wuyan zalɓe? Ki gaya masa ya yi ƙiba kafin ya zo gaishe ni, kada iskar arewa ta ɗauke shi daga kan gadar da muke ɗaure kwale-kwale. Rubutuna ne wannan, aji uku na yi, in kin ga harafi ya kwanta ki tashe shi. Ba zan yi maganar a waya ba, bangonmu katako ne, kunnen maƙwabta kuwa ya fi faifai.

Kin ji labarin jirgin dakon man da ya fashe a mashigi. Kwana uku bayan nan teku ta kawo mana rabonmu, baƙi ƙirin kamar kwalta, daga gada har bakin maƙabarta. Hukuma ta hana kamun kifi, ta hana tsintar gonggong, dodon koɗin nan da na raini ubanki da shi. Rogo muke ci safe da rana, har cikin ubanki ya fara jin yaren rogo.

Ran Litinin mai gari ya ce manyan baƙi na zuwa Alhamis, mutanen kamfanin jirgin da masu auna ɓarna, don a biya diyya. Na leƙa gaɓa na ce, a wannan ƙazanta za a tarbi baƙi? Ke kin san ko mai tallan gishiri ne zai shigo sai na share tsakar gida. Na bi gida-gida ina zuba wa maza baki. Ubanki Ramlan ya ce lauyar da masunta suka ɗauka ta aiko a bar komai yadda yake sai an zo an gani. Na ce masa, "Lauya ce ta haife ka? Zauna ka ɗaura zane, ni da gwiwata ɗaya zan kwashe." A gaban abokansa na faɗa. Ya tashi.

Kwana biyu ana gayya. Safar hannu shida ce, mu arba'in, ubanki ya bar wa mata. Da hannu ya kwasa, ruwa har ƙirji, da yamma ya wanke jiki da kananzir. Muka dirje kwale-kwale da yashi da toka. Buhunan da muka cika da ragar da ta baƙanta aka kai bayan tsibiri aka cinna wuta, shi ya tsaya a kanta har ta cinye. Maƙwabcinmu Pak Atan ne kaɗai ya ƙi, yana kwance yana sosa tumbi, wai shi bai zubar ba, ba zai kwashe ba. Na raɗa masa suna Sarkin Kwalta, har matarsa ta kama.

Baƙi suka tarar da gaɓa fes kamar goshin amarya. Wani mai farin takalmi daga kamfanin ya yi ta yabo, ya tsaya kusa da ni aka ɗauke mu hoto. Haƙorana huɗun nan duka na buɗe.

Ki gaida zalɓenki.

Kakarki,
Nek Halijah

Teluk Sunti, 19 ga Fabrairu

Suryani,

Sallama da fatan alheri. Na ga man zafin da kika aiko, gwiwata na godiya, ita kaɗai ce ke samun sauƙi a gidan nan.

Ubanki ya hana a gaya miki, ni kuwa ban taɓa jin maganarsa ba. Fatar hannunsa ta saɓule har gwiwar hannu, da cokali matarsa ke ba shi abinci. Tari kuma ya kama shi tun ranar wutar nan, in ya fara sai kajin ƙarƙashin gida su watse. Jiya na ga jini a tsumman da yake ɓoyewa. Mun kai shi asibitin gunduma, likita ya tambaya ko yana shan taba. Wane masunci ne ba ya sha? Ya rubuta taba. Na ce ya rubuta mai, ya ce bai ga mai ba, mutum ya gani. Ya ce a kai shi babban asibitin birni a duba huhun, a kwantar da shi. Ba mu da abin kai shi sai diyyar nan, ita muke jira.

Lauyar ta zo, Bu Mardiana, 'yar siririya da jaka ta fi ta nauyi. Ta taka gaɓa daga gada har maƙabarta, sai ta zauna daɓas a yashi. Na ɗauka yabo za ta yi. Ta tambaya ko akwai wanda ya ajiye raga ɗaya baƙa, ko buhu, ko hoton yadda wurin yake kafin gayya. Aka juyo ana kallona. Ashe masu awon nan gaban gidan Pak Atan kaɗai suka samu abin ɗiba a kwalba. Ta ce mini, "Nek, kin yi wa kamfani aikin da zai biya lauya goma su yi, kuma kyauta."

Na yi dariya, don ban san me ake yi da fuska ba in ba dariya ba. Ban da ni babu wanda ya yi.

Ki yi wa ubanki addu'a.

Nek Halijah

Teluk Sunti, 2 ga Afrilu

Jikata,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. Mu dai ga mu.

Amsa ta zo. Mai farin takalmi ne ya kawo da kansa, aka shimfiɗa tabarma a barandarmu ya karanta. Wai man bai taɓa Teluk Sunti sosai ba, sai gida ɗaya. A shafin farko na takardar ga hoton kakarki, baki har kunne, farin yashi a bayanta. Ban taɓa yin kyau haka ba. Sarkin Kwalta ya karɓi diyya ya sayi sabon injin kwale-kwale, kullum sai ya tayar da shi daidai tagata. Bu Mardiana ta ce za ta ɗaukaka ƙara, shekara uku ko huɗu. Ta faɗa ba ta kalli ubanki ba. Hukuma kuma ta ce teku ta wanku, a ci komai.

Da na ji baƙon na tafe, na bi ruwa da ya janye da safe na tsinto gonggong cike da kwando. Da suka tafasa, kicin ya ɗauki warin fitilar kananzir. Na jera su a farantin biki da yajin barkono, na ajiye a gabansa, na ce bismilla, ai takardarka ta ce lafiya lau. Kin san a nan ba a ƙin abincin da aka miƙa, ko yaya sai ka taɓa, in ba haka ba tsautsayi ya bi ka hanya. Shi ma ya sani. Ya ce likita ya hana shi abin teku. Ya sa ɗan yatsa ya taɓa gefen farantin, ya ciro farar takarda mai ƙamshi ya goge yatsan, sau biyu. Na buɗe baki zan yi masa wankin da jikokinsa za su ji labari.

Sai ubanki ya yi magana daga inda yake jingine. Wata uku bai ce mini kome a kan gayyar nan ba, ko da wasa. Ya kira ni da sunan uwa, ya ce, "Mak, miƙo nan. Kada baƙo ya ce gidanmu ana zubar da abinci."

Ya kama tsinke da hannun nan nasa mai naɗe da tsumma, ya zaro na farko ya ci, ya zaro na biyu. Ba mai farin takalmi yake kallo ba, ni yake kallo. Shekara saba'in da ɗaya bakina bai taɓa rasa magana ba, Suryani. Na tsaya riƙe da murfin tukunya har ya cinye.

Ki nemi izini ki zo kafin azumi, da zalɓen ko ba shi. Yanzu ba ya iya sauka matakala. Kada ki aiko ki ce ranar kaza kina tafe. In na sani, shara zan yi.

Kakarki,
Halijah