Kaskon Inna da 'ya'yan shaho uku

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Ige, bayan gaisuwa mai yawa da fatan ƙasa ta yi miki sauƙi.

Tun da kinka rasu, ga abin da na yi. Na baro Argungu da jakar makaranta kawai. Na kafa injin gyaran shinkafa a Nasarawa, nan Birnin Kabi, manoman Ambursa na layi ƙofata. Takardar izini ni na tafi Sakkwato na karɓo da ƙafata. Na gina gida na siminti. Ba wanda ya kama mini ko bulo ɗaya.

Kaskon da na aje wa tsuntsaye da sunanki na nan bayan gida. Kowace safiya ina zuba ruwa, in watsa tsakin shinkafa, kamar yadda kike yi. Kurciya da gwara da marai ba su fasa zuwa ba. Unguwa duka na ce mishi kaskon Inna, alhali ba ki taɓa taka gidan nan ba.

Bana shaho ya yi sheƙa kan giginyar maƙwabci, 'ya'ya uku sunka tashi. Tare suke yawo. Su jeru kan katanga suna kuka, uwar ta wuce da abinci a ƙafa, ta sake shi sama, mai sauri ya cafe. Da ta daina kawowa, sai sunka juyo kan kasko.

Ba su iya farauta ba tukuna. Ɗaya ya faɗa kan takalmin matata Hajiya da duk ƙarfinsa. Ɗaya ya bi gwara a ƙasa da gudu, awa kaza. Amma in ɗaya ya tarwatsa tsuntsaye, sai su nufi inda na biyu ke jira. Haka sunka samu kurciya ranar Juma'a, sunka yi ta faɗa a kanta.

Hajiya ta ce sadakarki ta koma tarko, in ɗauke kaskon. Liman ma bai ce a'a ba.

Na tuna ki bakin rijiya a Argungu, zane ɗaure a ƙirji, kina korar mage daga tsuntsayenki da marar tuwo. Kin ce, “Wanda yak kira baƙi, shi ka tsaronsu.”

Ban ɗauke ba. Na saro rassan magarya, na yi wa kaskon rumfar ƙaya, mai ƙofofin da gwara ke shiga, shaho bai iyawa. Hannuna duk tsaga. Ban harbi ko ɗaya cikin 'ya'yan shahon ba, su ma uwarsu ta bar su ne. Biyu sun nufi fadama. Na ukun na nan shi kaɗai kan katanga, kuma ya fara iyawa. Nakan daɗe ina kallonsa, Inna, ban san dalili ba.

Allah ya jiƙan ki, ya kai miki ladan kowace ƙwaya. Kaskon naki ne, ban musa ba. Amma tsakin daga injina ya fito, ƙayar kuma ni ta soka. Inda duk anka rubuta sunanki kan wagga sadaka, a rubuta nawa ƙarƙashinsa.

Ɗanki,
Alhaji Garba Mai Inji, Nasarawa, Birnin Kabi