Salkar Tsoho a Hanyar Abzin

Agadas, daren Laraba

A rubuta a tarihin Jamhuriya: yau na ga duwatsun Abzin da idona, ni da na tsufa ina nuna su a taswira.

Duba lakol, wato makarantu, ya ƙare da azahar, na sa Illa shofer ya kai ni can da mota. A hanya wani tsoho ya ɗaga mana salkarsa, ta bushe.

"Malam, a nan ba a wuce mutum," in ji Illa.

Na ce sai mun dawo, kada rana ta faɗi ban sha kallo ba.

Duwatsun sun yi kyau. Da muka dawo, babu tsoho. Ruwanmu yana cikin mota, ko kurɓa ban yi ba.

Ban kyauta ba.