Ranar da Inna Ta Raba Karta

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Zuwa ga ƙanena, Autan gidanmu.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka da jaririyarku. Allah ya raya ta, ya sa albarka a aikinka, ya ƙara maka haƙurin zaman nesa da gida. Mu nan kowa lafiya lau. Gwaggo ta warke daga ciwon ƙafa har ta koma kan keken ɗinkinta, Kawu Direba kuma yana nan da surutunsa, ko kaɗan bai ragu ba. Ni ma an koma makaranta, ajina ya cika maƙil bana, amma yara ne masu kaifin kai, ina jin daɗinsu ƙwarai.

Saƙonka ya iso, kuma a kansa nake so in ba ka labari, sai ka gyara zama. Sabuwar kartar da ka aiko wa Baba ta tayar da ƙura a gidan nan. Ka san yadda muke: da an yi la'asar a shimfiɗa tabarma a baranda, a ɗauko tsohuwar kartar nan da ta girme ka, wadda Inna ta yi ta liƙe wa kunnuwa da salatif. Har yanzu wasanninmu ne na da. Ni dai Ɗauki-biyu ya fi min daɗi, don ba abin da ya kai ka ga mutum saura masa ɗaya a hannu, yana murmushi, ka sauke masa wadda za ta mayar da shi baya. Kawu ya fi son Jaki, inda ake gudun kar baƙin sarki ya kwana a hannunka, shi da ba ya iya ɓoye fuska, da sarkin ya zo masa sai hancinsa ya fara zufa. Da irin wannan wasa nake koya wa ɗalibaina lissafi. Yaron da ke tsoron allo, ka ba shi karta ka ga yadda zai tara lamba yana dariya. Dokokin Baba ma suna nan: shi kaɗai ke rabawa, duk wanda ya jefa karta sai ya faɗi sunanta da ƙarfi, kuma wanda aka ci zai yi duk abin da mai ci ya ce, ba gardama.

To, ranar da muka buɗe taka, mai santsi da ƙamshin sabunta, Baba ya raba, ya riƙe nasa yana ta shafawa da babban yatsa. Ya jefa ja ya ce baƙa ce. Muka yi dariya, mun zaci tsokana ce. Ya sake jefa bakwai ya kira ta sarauniya. Nan dariya ta tsaya. Ya ajiye sauran ya ce wannan karta ba ta da tarbiyya, ya shige ɗaki. Daga ranar bai ƙara fitowa baranda ba. Auta, ashe idanun Baba sun daɗe da yin hazo, mu ba mu sani ba. Na yi masa maganar likitan ido, ya ce in je in yi wa 'yan ajina wa'azi, shi idonsa garau yake, ai da shi ya gano Innarmu a cikin mata dubu. Kawu ya ce zai kai shi a mota, ya ce wa Kawu ya fara gyara birkinsa tukuna. Hankalina ya tashi sosai, don wani likita ya gaya min irin wannan in an yi jinkiri yakan ƙara wuya.

Inna ce ta warware mana. Inna fa, wadda tun muna yara ba ta taɓa zama wasa ba, tana gefe da tsintar wakenta! Ta kira ni ta ce wai mu duk da karatunmu ba mu taɓa tambayar kanmu dalilin da ya sa Baba ba ya barin kowa ya raba ba? Ashe kowace karta a tsohuwar nan tana da alamarta: wannan kunnenta ya lanƙwashe, waccan salatif biyu gare ta, baƙin sarki gefensa ya yi laushi tun ranar da ka tauna shi kana rarrafe. Duk wadda ta bi ta ƙarƙashin yatsansa ya san ta, ya kuma san hannun da ta faɗa. Ka ga dalilin da ya sa ka bar gida ba ka taɓa cin Baba ba ko sau ɗaya!

Washegari da yamma ta shimfiɗa tabarma da kanta, ta ɗauko tsohuwar, ta aika a gaya wa maigidan wai akwai baƙuwa da ke son a koya mata Ɗauki-biyu. Ya fito ya tarar ashe Inna ce baƙuwar, ya kama dariya, yana cewa yau tsofaffi za su sha kunya, ta shirya yi masa fifita har magariba. Ta ce ta yarda, amma ɗaliba ce za ta raba, don ta koyi rabon. Gaban jama'a ne, ya rasa yadda zai ƙi. Ita da ta liƙe kowace karta da hannunta! Ya san nasa da yatsa, amma nata sun ɓace masa, ita kuwa tana karanta hannunsa kamar allo. Sau uku yana kaiwa saura ɗaya, sau uku tana ce masa, cikin ladabi, ya yi haƙuri ya ɗauki biyu. Gwaggo ta yi dariya har ɗankwalinta ya faɗi. Da Inna ta jefa ta ƙarshe, ta kaɗe zaninta ta ce hukuncinta ɗaya ne: gobe ya shiga motar Kawu zuwa wurin likitan ido. Baba ya ce doka dai tasa ce, ba zai karya ta ba, amma a shaida an yi masa maguɗi. Inna ta ce an shaida, kuma a wurin gwani aka koya.

Alhamdu lillahi, an yi aikin, an cire bandejin, yana gani tar. Abu na farko da ya ce shi ne ashe Kawu ya tsufa haka. Yanzu da sabuwar kartarka muke wasa, rabo kuma zagayawa yake yi. Ana cin Baba kusan kullum, jiya ma shi ya wanke kofunan shayi, amma ban taɓa ganin yana jin daɗin wasa irin na yanzu ba. Ya ce ashe rashin sanin abin da ke hannun abokin wasa shi ne gishirin abin, shekara da shekaru yana cutar kansa.

Inna tana gaishe ka, tana sa maka albarka. Gwaggo da Kawu suna gaisuwa. Ka gaida maiɗakinka da kyau, ka shafa min kan ɗiyata, ka kuma ɓoye mata karta kafin ta yi haƙori, kar ta gaje ka. Baba ya ce in gaya maka ka nemi hutu ka zo: tabarma tana nan, kuma kai za ka raba.

Wassalam.

Taka har kullum,
Yayarka Malama.