Shekara Biyu Ina Shan Maganin Tsutsa

Maigida,

Kafin ka dawo daga gona na shiga motar Madawa. Yayarka Mairamu ce ta raka ni, kada ka ce na fita ni kaɗai.

Jiya da kana kasuwar Keita ciwon ya matsa mini, na tafi asibitin gari da ƙafata. Likita ya buɗe katina ya ce, “Yaya tsutsar cikin?” Na ce wace tsutsa? Ashe duk zuwan da kake yi a madadina, ciwon ciki kake ce masa! Sannu da kunya, namijin duniya. Bakinka ya kasa ambaton fitsarin matarka gaban wani namiji, amma hannunka bai gaji da kawo mini maganin tsutsa ba har shekara biyu.

Kai ka san marata na ci kamar an zuba barkono. Ka ga sau nawa nake ajiye taɓarya in kewaya kafin in gama daka. Bikin ƙanwata ma a ƙofar bayi na ci shi.

Likitan ya duba fitsarin bai ga komi ba. Ya ce abin ya fi ƙarfinsa, ya ba ni takarda zuwa asibitin mishan, a duba mafitsarar kanta.

Furarka na cikin ƙwarya. Sauran ƙwayoyin ka ba akuya, ita ke da tsutsa. Kuma kada ka biyo ni ka yi mini tafinta. Jiya na faɗa da bakina, ba wanda ya mutu.

Saude