Hayaƙi a Mashaya

Litinin, 4 ga Nuwamba, 1963

Tun shekarar da majalisa ta kafa duwatsunta na siminti ta ce gonar ubana ta zama gandun daji, ba wanda ya gaya mini dalili. Ɗorawar da na taso a gindinta, yau in na tsinci kalwarta ɓarawo ne ni. Na yi ta sintirin Birnin Gwari har takalmina ya tsinke, kullum a ce dawo jibi. Shi ya sa na tsuguna ajin yaƙi da jahilci da furfurata. In mutum ba ya ji, takarda ta ji.

Yau ga su kuma. Mutum biyu, baƙin ƙyalle a baya, 'yar raga a hannu, suna kama ƙudan tsando a mashayarmu. Babbansu, Malam Yusha'u, ya ce ƙirga kawai suke yi, majalisa na so ta san rafin da ƙuda ya yi wa yawa. Na ce in ta sani fa? Ya ce, "Baba Abarshi, wannan sai manya." Haka mai duwatsu ma ya ce da ni.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Jumare, mai rugar bayan gonata, ya ce ya ji a can yamma an sami ƙuda da yawa a wani rafi, aka tashi ƙauyen ɗungurum aka zube su bakin titi. Sun ci gona, yanzu gida. Ni da matata Ladi mun tsufa da sabon gini.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Wakilin mai gari ya yi shela, jibi masu ƙirga za su dawo. Tsando ba ya son hayaƙi.

Litinin, 2 ga Disamba

Ina idar da asuba na kai busasshen kashin shanu da ɗanyen ganye mashaya, na kunna nan da can har kurmin ya turnuƙe. Kafin hantsi na binne tokar da yashi. Sun yi tsaye har rana ta take, abin da suka kama bai taka kara ya karya ba. Yusha'u ya shinshina ya ce, "Baba, wa ke ƙyafe kifi ba a sam mana ba?" Na ce masu ɗibar zuma ne.

Ladi ta ce, "Malam, ran da suka gane, ni dai baƙuwa ce a gidan nan." Ta yi ta dariya.

Litinin, 6 ga Janairu, 1964

Sun dawo, na sake yin hayaƙin. Lafiya lau.

Talata, 18 ga Fabrairu

Wakili ya kawo labari bayan salla: an ce rafinmu ba ƙuda, masu ƙirga ba za su ƙara zuwa ba. Na ci naman zakara.

Ya ƙara da cewa rafukan wajen Gayam, inda aka sami ƙudan, can za a tura masu sare duhuwar mashaya, da masu lalube wuyan mutane suna yin allurar ciwon barci. Na ce su kuma yaushe za a tashe su? Ya ce wa ya ce za a tashi wani?

To, tukuna dai. Na san halinsu.

Alhamis, 5 ga Maris

Jumare ya ɗaure kaya. Sammore, ciwon da tsando ke sa wa dabba, ya kama masa shanu, haƙarƙari duk a waje. Na ce ai kai ka ce ana tashin gari. Ya ce, "Ji na yi a kasuwa, Kaɗo, ban ce na gani ba." Da zai wuce ya waiwayo, ya ce in gaya wa Ladi ta rage zaman wanki a mashaya.

Litinin, 16 ga Maris

Na dawo na tarar tuwo ya ƙone, Ladi na zaune gaban murhu da muciya a hannu, tana barci. Matar da zakara bai taɓa riga ta tashi ba. Ta ce ciwon kai ne, gajiyar azumi. Azumin da ya wuce tun yaushe.

Juma'a, 27 ga Maris

Na ce bari in cire mata wani abu a ƙeya. Ƙarya nake, so nake in taɓa. Akwai kaluluwa, biyu, kamar gurjiya a ƙarƙashin fata. Ta ce, "Me ka gani, Malam?" Na ce ba komai, tsufa ne.



Alhamis, 2 ga Afrilu

Na taka har Birnin Gwari. A ɗakin shan magani an ba ni ƙwayar zazzaɓi, aka ce allurar tana hannun ayarin da ke yawo. A ofis akawu ya nuna mini taswira a bango, ya ce ayari ƙirga yake bi, rafinmu kuwa fari ne tas. Na ce ba fari ba ne. Ya ce, "Tsoho, kai ka ƙirga ko mu?"

In na faɗi zancen hayaƙi, gidan yari. Wa zai ba ta ruwa?

Asabar, 4 ga Afrilu

Ta kira ni da sunan wanta da ya rasu.

Alhamis, 9 ga Afrilu

Naomi maƙwabciyarmu ta zauna da ita. Ni na yafa baƙin zanen Ladi na je mashaya na tsaya, yadda na ga suna yi. Ba wuta. Suna sauka, ina kamawa da hannu ina jefawa a kwalba. Sun cije ni, ban kore su ba. Kwalbar har ƙugi take yi.

Ba don na yarda da su ba ne. Yusha'u ya ji ƙauri da hancinsa, mai ilimi, me ya hana shi tona yashi? Da sun gaya wa mutum abin da ƙirgan yake nufi tun ranar farko.

Gobe zan dire kwalbar a kan teburin akawu. In ya tambayi zancen hayaƙi, zai ji. Su ɗaure ni in sun ga dama, amma ba zan ɗaga daga ƙofar nan ba, ba kuma zan karɓi jibi ba. Wani ya fito ya dube ni ya gaya mini ranar da mai allura zai zo ya taɓa wuyan Ladi.